Darasi na 7: In Rezin Ya Ƙi Daskarewa

Kin zuba rezin, wato ruwan nan mai kauri da ke daskarewa ya zama kamar gilashi, a mazubi da daddare. Da safe kin taɓa, sai ya manne miki a yatsa kamar alewar da ta sha rana. Kada ki yi saurin ɗora wa mai shago laifi. Yawanci ɓarnar daga wajen awo take.

Rezin ba fenti ba ne, iska ba ta busar da shi. Kwalba biyu ake sayar miki, A da B, kuma sai sun haɗu daidai sannan su daskare. Duba jikin kwalbar. In an rubuta 1:1, awo ɗaya na A, awo ɗaya na B ke nan. In 2:1 ne, A biyu, B ɗaya. Wani da kofi ko sirinji ake auna shi, wani kuma sai a kan sikeli. Abin da kwalbar ta ce, shi za ki bi.

Na sha ganin mata suna ƙara B wai don aikin ya yi saurin kamawa. Wannan kuskuren ya fi kowanne damuna. Rarar B ba ta da abokin haɗuwa, sai ta bar aikin da danƙo, ko mako nawa ya yi.

Bayan awo sai juyi. Ki juya a hankali na minti 3 cur, kina kallon agogo, kina kankare gefen kofi da gindinsa. In kin hango wani zare-zare a ciki, bai haɗu ba tukuna. Kala kuwa ɗigo-ɗigo ake sa ta, kada ta wuce kashi 6 cikin 100 na rezin ɗin da kika haɗa.

To, wanda ya riga ya lalace fa? In ya yi tauri, samansa ne kawai ke da danƙo, ki haɗa sabo ki zuba masa kaɗan ya rufe. In kuwa kwana 3 sun wuce yana nan ruwa-ruwa, kankare shi za ki yi ki yar, ki sake daga farko. Na san akwai ciwo, kuɗi ne.

Kumfa ta fi sauƙin magani. Saurin juyi ke kawo ta. Bayan kin zuba, ki jira ta taso, ki fasa da tsinken sakace. Masu wuce da wutar laita a kai su yi shi da sauri, don wuta tana ƙona mazubin silikon.

Yanayin garinmu ma yana da nasa. Rezin ya fi son ɗaki mai ɗumin da ya kai kamar digiri 24. A sanyin hunturu yakan yi kauri, sai ki tsoma kwalaben a ruwan ɗumi, a rufe, na minti 10, ki goge su sarai kafin ki buɗe. Ɗigon ruwa ɗaya kan sa shi ya yi hazo, shi ya sa fure ma sai ya bushe ƙayau ake sa shi cikin rezin. Ki kifa kwali a kan aikin saboda ƙura. A zafin Afrilu kuwa ki haɗa kaɗan-kaɗan da sassafe. Rezin da kansa yake ɗaukar zafi, in ya yi yawa a kofi yana iya yin hayaƙi ya tsage. Kada ki shanya shi a rana, ja-ja zai yi kamar tsohon mai.

Kullum ki sa safar hannu, ki buɗe taga, yara su yi nesa. In ya taɓa fatarki, sabulu da ruwa nan take. Kofin rezin ba ya komawa kicin.

Aikin gida: kwalbarki ta ce 2:1, kin auna mililita 40 na A. Nawa za ki auna na B? Rubuta amsar a littafinki, ki zo da abu ɗaya da ya lalace miki mu duba tare.