Yadda za ka nuna wa yara ginshiƙan dutse da garin sitaci a cikin kwano

Wani ɗalibina ne ya zo min da hoto a waya ranar nan bayan an tashi, turawa sun rataye da igiya a jikin bangon dutse a kwazazzabon kogin Crooked, kusa da Smith Rock a jihar Oregon ta Amurka, dutsen kuwa a jere kamar an kafa turaku. Ya ce Malam ai wannan gini ne, injiniyoyi suka yanka. Na ce a'a, ikon Allah ne, kuma za ka iya ganin yadda abin yake faruwa a gidanku nan Tudun Wada ba sai ka nemi biza ba.

Sunan dutsen basalt, baƙin dutse ne da ke samuwa in narkakken dutse ya malalo daga ƙasa ya daskare. Yana hucewa yana tsukewa, to tunda ba inda zai matsa sai ya tsattsage, tsagar ta faro daga saman da ya fara hucewa ta riƙa nutsawa ciki sannu sannu har ta bar ginshiƙai, yawancinsu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, wasu biyar wasu bakwai. A cikin wannan tsaga masu hawan ke cusa hannu da ƙafa suna haurawa, shi ya sa suke son wurin. A Giant's Causeway da ke Arewacin Ayaland akwai irinsu wajen 40,000, mu ma muna da namu a Kahwang, ƙaramar hukumar Riyom a Filato. Kada ka je dutsen Kufena na Zariya nema, shi giranit ne, wani irin dutse daban, a can ƙarƙashin ƙasa ya huce.

To ga aikin, shi ma kullun sitaci in yana bushewa haka yake tsukewa ya tsattsage. Ka sayi garin sitacin masara, wanda ake cewa kwanfulawa, ana samu a shagunan kayan kek na kasuwar Sabon Gari. Ba garin tuwo ba don Allah, wannan ba zai yi ba, sai mai laushi fari fat ɗin nan mai ƙara in ka murza shi da yatsa.

Ka auna garin da ruwa nauyi ɗaya, in babu sikeli ka riƙa zuba ruwan kaɗan kaɗan har ya yi kaurin kullu. Ruwan sanyi fa! In ka sa na zafi koko ka dama, magana ta ƙare. Ka ɗiga bilic, ruwan nan na wanke fararen kaya, kamar rabin ƙaramin cokali don kar ya yi tsami ya yi fumfuna, sannan ka juye a kwanon gilas ko roba mai garau, zurfin ya kai santimita 3 zuwa 4, in ya yi siriri tsagar banza kawai za ka samu irin ta laka a bakin kogin Kubanni da rani.

Busarwar ita ce komai, kuma a nan ake gaggawa a ɓata abu. Zafi daga sama kaɗai ake so, kamar yadda narkakken dutsen yake hucewa ta sama. In kana da tsohon ƙwan lantarki mai zafi ka rataya shi kamar taƙi ɗaya a kan kwanon, waɗannan fararen na zamani ba sa ɗumi ba su da amfani a nan. Ni dai da yanayin wutarmu rana na dogara da ita, lokacin hunturu ma ya fi don iskar a bushe take, na ɗora a kan katanga na rufa da gidan sauro saboda kaji da ƙura, da magariba in shigar ɗaki a hankali ba girgizawa. Nawa ya ɗauki kusan mako guda. Da farko za ka ga manyan tsagu guda biyu uku sun raba shi gida gida, kar ka ɗauka ya yi, ba su ake jira ba. Bayansu ne ƙanana ke fitowa, ka leƙa ta gefen gilas ɗin kullum za ka ga layukan suna sauka ƙasa kaɗan kaɗan, ni wannan ne ya fi burge ni wallahi, har alama nake sawa da biro a jikin kwanon.

In ya bushe ƙayau har gindi sai ka kifa shi a kan tire, ka ɓantari gefe ɗaya da yatsa. Ginshiƙan za su warware kamar tsinken ashana, kaurinsu milimita kaɗan ne, ka sa yara su ƙirga kusurwoyin ta ƙasan inda suka fi tsaruwa.

In da hali ka yi kwano biyu, ɗaya a rana ɗaya a inuwa. Na inuwa zai daɗe amma ginshiƙansa sun fi kauri, haka dutsen ma yake, wanda ya huce a hankali shi ke ba da manyan turakun da mutum zai iya kafa ƙafa ɗaya a wannan ɗaya a wancan ya hau. Ɗalibin nan nawa na inuwar ya ɗauka ya kai wa babansa a cikin gwangwanin madara.