Yadda Ake Furta Kalmar "Superficial" da Yadda Ake Amfani da Ita

A shekarun da na yi ina shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC, na lura cewa kalmar "superficial" tana kayar da mai koyon Turanci sau biyu, a ma'ana da kuma a furuci. Na taɓa duba insha'in wani ɗalibi da ya rubuta cewa malaminsa yana da "superficial knowledge", kuma har ga Allah yabo yake nufi, domin ya ga "super" a farkon kalmar sai ya tuna da Super Eagles, alhali abin da ya rubuta shi ne cewa ilimin malamin bai wuce sama-sama ba.

Saboda haka mataki na farko shi ne ka cire wannan zaton daga ranka. Asalin kalmar daga harshen Latin yake, inda "super" ke nufin bisa ko sama, "facies" kuma ke nufin fuska. Idan ka haɗa su, ka sami abin da ya tsaya a fuska bai ratsa ciki ba. Bahaushe yana da nasa kalmomin na wannan: karatun sama-sama, alkawarin fatar baki, da sanin shanu da ake yi wa mutumin da ake gaisawa da shi kullum ba tare da an san halinsa ba.

Mataki na biyu shi ne furuci, kuma a nan ne nake so ka daɗe, domin a nan ni kaina na sha wahala. Kalmar tana da gaɓa huɗu, ana kuma ɗora nauyin murya a kan ta uku: su-pa-FI-shal. Ka riƙe wannan a matsayin ƙa'ida: kalmar da ta ƙare da "cial", gaɓar da ke gabanta ce ke ɗaukar nauyi, kamar yadda yake a "official", "artificial" da "beneficial". Wanda ya san wannan ya huta da yin canke a takardar lafazi ta jarrabawa, inda ake rubuta gaɓa mai nauyi da manyan baƙaƙe. Ƙarshen kalmar kuwa gaɓa ɗaya ce gajera, "shal", ba "shiyal" ba, ba kuma "siyal" ba.

Babbar matsalar ita ce "p" da "f" da suka zo a jere. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke yin "f" ɗinmu, shi ya sa sautin yake karkata zuwa "p" a wani bakin, a Sakkwato da sassan Nijar kuma ka ji "hwari" a maimakon "fari". Turanci ya raba sautukan biyu sarai, kuma kalmar nan tana buƙatar ka yi su duka cikin daƙiƙa ɗaya. Abin da ke fitowa daga bakin yawancin ɗalibaina a ranar farko shi ne "sufafishal" ko "supapishal".

Ga yadda za ka gyara. Ka tsaya gaban madubi, ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka. Wajen yin "p", leɓɓanka biyu su haɗu su rufe ruf, sannan su buɗe da bugun iska guda wanda zai kaɗa takardar. Wajen yin "f", haƙoranka na sama su sauka a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa zirarewa ta tsakaninsu. Idan ba ka ga haƙoranka a madubi ba, ba ka yi "f" ɗin Turanci ba. Wata alamar ita ce za ka iya jan "f" har numfashinka ya ƙare, amma "p" ba ya jawuwa ko kaɗan. Ka fara da kalmomi biyu-biyu, "pan" da "fan", "pull" da "full", "pill" da "fill", kada ka taɓa doguwar kalmar sai waɗannan sun zauna a bakinka. Daga nan ka ce "super", ka dakata, ka ce "fish", wato kifi, ka rufe da "l" mai sauƙi. Ka riƙa rage tsawon dakatawar a hankali har ta ɓace. Gaggawar haɗa su tun ranar farko ita ce ke mayar da mutum gidan jiya.

Harafin "r" na tsakiya Amurkawa suna furta shi, mutanen Ingila ba sa yi. Ka bar shi, tunda lafazin Ingila jarrabawarmu ta fi bi. Ba ka kuma buƙatar sayen wani babban ƙamus mai tsada: ƙamusoshin intanet suna karanta kalma da murya kyauta, datar da za ka kashe kaɗan ce, sai ka naɗi muryarka a waya ka kwatanta.

Mataki na uku shi ne sanin inda za ka ajiye ta. Idan likita ya ce rauni "superficial" ne, albishir ya yi maka, domin ƙujewa ce kawai a saman fata, bai kai nama ba. Idan aka faɗe ta a kan bincike ko ilimi, kushewa ce. Idan aka siffanta mutum da ita, ana nufin ba ya duba komai sai sutura da kyan fuska, don haka kada ka jefa ta a kan na gaba da kai. Kada kuma ka yi amfani da ita wajen ruwa ko rami: kogi marar zurfi "shallow" ne, kuma ita "shallow" tana hawa kan mutum da tunani ma, sai dai "superficial" ta fi dacewa da rubutun makaranta da na ofis. Idan kana son kalmar a matsayin suna a nahawu, "superficiality" ne, mai gaɓa bakwai, kuma a can nauyin murya yana barin "fi" ya koma kan "a" ta gaɓa ta biyar.