Kurakuran da aka fi yi wajen kafa intanet ta tauraron ɗan'adam a ƙauyukan kewayen Jos

Tun da Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam, ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, mutanen da ke can cikin Bassa, Riyom, Barikin Ladi da Mangu, inda sai an hau tudu waya ke kama sabis, suka ga ta samu. Sai dai da yawa cikin masu kukan cewa abin yana yankewa, idan ka je gidan za ka tarar na'urar ƙalau take. Aikin kafawar ne aka yi shi da ka.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne kiran mai ɗaura dish ɗin talabijin a sakar masa aikin. Shi ya saba da tauraron da ke nisan kusan kilomita 36,000, wanda daga ƙasa kullum a wuri ɗaya yake, don haka ko ta tsakanin rassa biyu ya samu kafa ya gama. Taurarin Starlink kuwa a wajen kilomita 550 suke, suna ta wucewa, farantin, wato dish ɗin Starlink, na sakin wannan yana kama wancan. Sarari mai faɗi yake so, ba ƴar kafa ba. Shi ya sa wanda aka manna a bango ƙarƙashin bakin kwano zai yi ta buɗe Facebook lafiya, amma da an fara kiran bidiyo sai ka ji "Baba, muryarka ta ɗauke." Yankewar daƙiƙa biyu ba ta damun mai karatu, mai magana take damu.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Manhajar Starlink tana da wurin duba sarari da kyamarar waya, kuma ana iya yin wannan tun kafin a sayi komai. A tsaya daidai inda za a kafa, a tsayin da za a kafa, ba a tsakar gida ba. A nan yankin abu uku ne ke tare sama: duwatsu, mangwaro, da dogayen itatuwan turare. Wanda ya auna da rani, lokacin da wasu itatuwan suka kaɗe ganye, ya tuna damina na tafe, kuma itacen turare ba ya jiran kowa wajen tsawo. In babu yadda za a yi, mai walda ya haɗa bututun ƙarfe mai kauri a kafa shi da siminti. Siririn bututu da ke rawa in iska ta taso ɓata kuɗi ne.

Sai maganar wuta, inda lissafi ke kifewa. Mutum ya tara kuɗin na'ura da na wata, ya manta cewa abin na cin wuta dare da rana. Babban farantin yakan ja wat 75 zuwa 100, ƙaramin da ake kira Mini kuma 25 zuwa 40. Ɗauki wat 75 ka ninka da awa 12 na dare, ka samu wat-awa 900. Batirin sola na ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma rabin wannan kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko. Ka ga intanet kaɗai ta kusa cinye rabon dare, ba a kunna ƙwai ko ɗaya ba, ba a yi cajin waya ba, ita ma inbata tana shan nata. A watan Agusta kuma, da hadari ke wuni a kan Jos, batirin ba ya ma cika. A ganina gidan da ba shi da mutane da yawa, kuma da sola ya dogara, Mini ta fi masa. Wanda ya riga ya sayi babban ya shiga manhaja ya sa masa lokacin barci da tsakar dare, ya kuma kashe abin narkar da dusar ƙanƙara. Duk sanyin Jos ba ta kai nan ba.

Jona shi kai tsaye da ƙaramin janareta ko wutar NEPA mai zuwa da ƙarfi ta koma ba daɗi, wannan ma ganganci ne. A bi da shi ta inbata ko sitabilaiza.

Tsawa kuwa ba a wasa da ita a wannan tudun. Ka ɗaga ƙarfe ya fi komai tsawo a gidan, sannan ka ja kebul daga jikinsa har ɗakin kwana, ai ka share mata hanya. A nemo mai aikin lantarki ya binne sandar ƙarfe a ƙasa ya haɗa ta da bututun da waya mai kauri, a sa abin kariya a soket. Duk da haka, in hadari ya haɗo da rugugi, a zare. Ruwa mai ƙarfi dama yakan rage gudun intanet ɗin ko ya ɗauke shi na ɗan lokaci, don haka ba asarar komai aka yi ba.

Kebul ɗin da ke zuwa da na'urar na musamman ne. Kada a yanke shi a yi masa ƙari da salatif don bai kai ba, akwai mai tsawo da ake saya. A zura shi cikin bututun roba saboda ɓeraye da awaki, kuma a bar shi ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga bango, don ruwa ya ɗiga waje maimakon ya bi shi ciki.

Wasu kuma faranti na kawo intanet yadda ya kamata, rawutar, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a cikin gida, ita ce aka kulle a ɗakin maigida cikin durowa don kada yara su taɓa. Bangon dutse ko na ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe suna tare Wi-Fi. A sa ta a tsakiyar gida, a sama, in gidan mai sassa ne a ƙara wata a ɗaya sashen. Kalmar sirri kuma in ta fita ta fita: yau ka ba ɗan maƙwabci, gobe matasan unguwa sun jeru a bayan katanga, kai kana ciki kana zagin kamfani. Manhajar na nuna duk wayar da ke kai, canza kalmar kuma aikin minti ɗaya ne.

Akwai kuskuren da ba a ganin illarsa sai an kwana biyu, wato barin mai kafawa ya buɗe asusun da imel ɗinsa. Ranar da kuka saɓa, ko ya bar gari, ba ka iya biyan kuɗin wata, ba ka iya kai ƙorafi, na'urarka ce amma linzamin na hannun wani. A buɗe da imel da lambar mai gidan, ko na ɗansa da ya iya waya, a gabansa. Haka in na hannu za a saya, sai mai shi ya sake shi daga asusunsa tukuna, domin wanda ke ɗaure da sunan wani, ko ake binsa bashi, ba zai yi rajista ba. Adireshi ma a sa na gaskiya. Tsarin gida a ɗaure yake da wurin da aka yi rajista, kuma ƙauye ba lambar titi, saboda haka a dasa alamar a kan taswira daidai rufin gidan. Wanda ya yi rajista da gidan ɗan'uwansa a Rayfield cikin Jos ya ɗauki faranti ya tafi da shi Bokkos, ko dai ya canza adireshin a manhaja, ko ya koma tsarin masu yawo da shi, wanda kuɗinsa daban ne.