Kurakuran masu neman gidan haya a Garwa, da yadda za a kauce musu

Mai neman ɗaki a Garwa yakan zagaya daga Yelwa zuwa Marware, dillali na gaba yana baya, tambayarsa ba ta wuce uku ba: akwai famfo, akwai mita, nawa ne a wata? Ba kasafai ake jin ya tambayi abin da zai hana mai gida ƙara masa kuɗi bayan wata shida ba, ko abin da zai hana a watso masa kaya waje. Kyan bene ba ya ba da wannan kariya. Abin da aka rubuta ranar shiga shi ke bayarwa, kuma a nan aka fi yin kuskure.

Na farko shi ne shiga gida da baki kawai. "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai an rubuta?" Sai an rubuta, domin Alhaji yana iya rasuwa, magada kuma ba su san zancen da kuka yi a zaure ba. Takardar ta ƙunshi kuɗin wata, ranar biya, tsawon haya, adadin watannin da za a ba ka idan ana son ka tashi, da wanda zai gyara rufi idan ya yi yoyo. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarin kuɗi. A rubuta cewa ba za a ƙara ba sai wa'adi ya cika, in kuma za a ƙara, a faɗi iyakarsa tun yanzu. Mai gidan da ya ƙi sa hannu kan wannan layi ya nuna maka niyyarsa.

Wasu suna rubutawa, sai su jefa takardar a akwati ba tare da an yi mata rajista a ofishin haraji ba, don gudun ɗan kuɗin. Rajistar ce ke tabbatar da ranar da aka ƙulla haya. Sashe na 1743 na dokar farar hula ta Kamaru ya ce idan aka sayar da gida, wanda ya saya ba zai kori ɗan hayar da takardarsa ke da tabbatacciyar rana ba, sai fa idan takardar da kanta ta ba da wannan dama. Don haka a karanta da kyau, wanda ba ya jin Faransanci ya nemi nasa mai karatu, kada ya dogara da fassarar dillali.

Sai dai rajista wuƙa ce mai kaifi biyu. Dokar laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 322-1, ta ce ɗan hayar da takardarsa ke da rajista, aka bi shi kuɗin wata 2, aka kai masa takardar gargaɗi, ya yi wata guda bai biya ba bai kuma tashi ba, yana iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, ko tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko duka biyun. Ga inda mutane ke faɗawa rami: mai gida ya ƙi gyara masai, sai ɗan haya ya ce shi ma ya daina biya. Kana da gaskiya kan masai, amma ka miƙa masa sandar da zai doke ka. Ci gaba da biya, karɓi rasit, ka kai ƙorafinka a rubuce. In ka tura kuɗin ta waya, kada ka goge saƙon.

Kuɗin ajiya kuwa, a rubuta adadinsa da ranar maido shi, a ɗauki hoton bango, ƙofa da lambar mitar wuta da ta ruwa ranar shiga. Bashin wutar wanda ya tashi ya sha zama a wuyan sabon shiga.

Akwai kuma ba dillali kuɗi kafin a ga mai gida. Dillali kamashonsa yake nema, ba shi zai tsaya maka gobe ba. Nemi ganin mai gidan ido da ido, ko takardar wakilci. Ka tambayi maƙwabta da jauron unguwa ko gidan na gado ne da ake rigima a kansa, domin ɗan haya ne farkon wanda rigimar magada ke taɓawa. Haka gidajen SIC, kamfanin gidaje na gwamnati: wanda ya karɓi ɗaki daga hannun wani ɗan haya, sunansa ba ya cikin takarda, ranar tsiya ba shi da abin nunawa.

'Yan kasuwa nasu daban ne, kuma da yawa ba su san ƙarfin da suke da shi ba. Hayar shago tana ƙarƙashin dokar OHADA, dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, wadda ke aiki a Kamaru da Chadi baki ɗaya. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'a a shago bisa sharuɗɗan haya yana da haƙƙin a sabunta masa. Idan hayar mai wa'adi ce, dole ya nemi sabuntawar a hukumance aƙalla wata 3 kafin wa'adin ya cika, in ya yi sakaci haƙƙin ya faɗi. Idan ba ta da wa'adi, sanarwar tashi ta wata 6 ce. In an kasa daidaitawa kan sabon kuɗi, kotu ke yankewa.

Ranar da mai gida ya zo da kwaɗo ko ya ce zai cire ƙofa, kada ka kwashe kaya cikin dare don kunya. Fitar da ɗan haya da ƙarfi sai da hukuncin kotu, kuma ma'aikacin kotu mai zartar da hukunci, wanda ake kira wisiye, shi ke zuwa da takarda. Ka nemi ganin hukuncin. In babu, ɗauki hoto, kira shaidu biyu, ka tafi wurin lauya ko wisiye da takardar hayarka da rasit ɗin watan da ya wuce.