Kurakuran da ake yi wajen koya wa ɗalibai bincike da zane-zanen zamanin Renesans

Zamanin Renesans, wato farfaɗowar zane da ilimi da ta faro a Italiya tun ƙarni na 14 har zuwa na 16, fage ne mai kyau na koyon bincike a laburare. An yi rubutu a kansa ba adadi, gaskiya da shaci-faɗi sun cakuɗe, ga kuma takardun asali da za a tantance da su. Amma akwai kurakuran da nake ganin ana ta maimaitawa, yawancinsu kuwa daga wajen malami suke farawa.

Na farko shi ne faɗin batu. Idan aka ce wa yaro ya je ya yi bincike a kan Renesans, an ɗora masa shekara kusan 300 da ƙasashe da dama, ba abin da zai yi sai ya kwafo shafin farko da ya gani a intanet. A ba shi tambaya mai iyaka: wace ce matar da ke cikin zanen Mona Lisa na Leonardo da Vinci, kuma ta yaya aka sani? Irin wannan ce ke sa shi tashi neman hujja.

Wanda ya fi damuna shi ne gaskata tsohon littafi don tsufansa kawai. Giorgio Vasari ya fitar da tarihin masu zanen Italiya a 1550, ya sake faɗaɗa shi a 1568, kuma har gobe ba mai nazarin zamanin da zai kauce masa. A ciki ya ce Andrea del Castagno ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano saboda hassada. An daɗe ana yawo da wannan labari, har aka koma kan takardun da aka adana, sai ga shi Castagno ya rasu a 1457, Veneziano kuma a 1461. Wanda aka ce an kashe ya yi shekara huɗu a duniya bayan wanda aka ɗora wa laifin. Vasari kansa a 1511 aka haife shi, ji ya yi, bai gani ba.

Kada malami ya yi saurin faɗa wa ɗalibai wannan. Ya ba su labarin yadda Vasari ya kawo shi, ya tura su su nemo shekarar rasuwar mutanen biyu a littattafai biyu daban-daban, su gano da kansu. Yaron da ya san isnadi a makarantar Islamiyya ba zai sha wuya ba, tambayar ɗaya ce: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin sun yi zamani ɗaya?

Daga nan sai wani kuskuren ya biyo baya, ɗalibi ya ce to Vasari maƙaryaci ne, a jefar da shi. Ba haka ba ne. Shi ne ya ce matar cikin Mona Lisa ita ce Lisa, matar Francesco del Giocondo, wasu suka yi ta shakka. A 2005 aka gano wani ɗan rubutu a laburaren Jami'ar Heidelberg ta Jamus, a gefen shafin wani tsohon littafi, wanda wani ma'aikacin hukumar birnin Fulorans na Italiya mai suna Agostino Vespucci ya yi a watan Oktoba na 1503, yana cewa Leonardo na aikin zanen Lisa del Giocondo. Mutum ɗaya, ya kuskure a nan, ya dace a can. Kowace magana tasa auna ta ake yi ita kaɗai.

Sai batun suna, wanda ke ɓata wa yara lokaci a banza. Ɗalibi zai nemi Leonardo da Vinci a ƙarƙashin harafin V, alhali Vinci sunan garinsu ne, a L ake jera shi. Raphael a littafin Italiyanci Raffaello ne, Titian kuma Tiziano. Mona Lisa a Italiya La Gioconda ce, a gidan tarihin Louvre da ke Faris inda take rataye kuwa La Joconde. Kafin a taɓa kwamfuta, a sa kowa ya rubuta duk sunayen da abin da yake nema ke amsawa.

Shekaru ma suna rikitarwa. An haifi mai zane Michelangelo ranar 6 ga Maris 1475, amma mahaifinsa 1474 ya rubuta, domin a Fulorans ta lokacin sai 25 ga Maris ake shiga sabuwar shekara. Ɗalibin da ya ga lambobi biyu kada ya zaɓi ɗaya ya wuce, ya tambayi wane lissafi aka bi, kamar yadda muke bambanta Hijiriyya da Miladiyya.

Hoto kuma ba a ɗaukarsa kara zube. Rufin ɗakin ibada na Sistine da ke fadar Fafaroma, wanda Michelangelo ya zana tsakanin 1508 da 1512, an wanke shi a shekarun 1980, launukansa suka fito da haske. Littafin da aka buga kafin nan duhu-duhu zai nuna shi, yaro ya zauna yana sharhi a kan launin da hayaƙi da ƙura suka haifar. A koya masa duba shekarar bugu da inda zanen yake a yanzu. Malami kuma ya tace hotunan tun daga gida, don wasu ayyukan zamanin akwai tsiraici a ciki, ga shi akwai isassun gine-gine da hotunan fuska da za su wadatar da darasin.

A ƙarshe, a kai su gaban kantar littattafai da ƙafarsu. A laburaren da ke bin tsarin Dewey na jera littattafai da lambobi, zanen Italiya na lamba 759.5, tarihin ƙasar kuma na 945. Ɗalibin da ya tsaya a ta farko zai san mai zane, amma wanda ya biya kuɗin aikin, irin iyalan Medici na Fulorans, sai ya taka zuwa ta biyu zai same su.