Yadda Ikkilisiya Za Ta Nemi Tallafin Kuɗi Don Aikin Bishara Da Taimakon Jama'a

Ikkilisiyar da take son samun tallafi daga waje ta fara da tantance buƙata guda ɗaya tak, kafin kowa ya zauna rubuta takarda. Dattawa su tura mutane cikin unguwa, su kuma saurari zumuntar mata, domin mata ne suka fi sanin gidan da ake kwana da yunwa da yaran da aka kora daga makaranta saboda kuɗi. Ko rijiyar burtsatse ce, ko koya wa gwauraye ɗinki, ko kula da 'yan gudun hijirar da suka baro Mangu da Bokkos a jihar Filato, a rubuta adadin mutanen da abin ya shafa da kuma inda suke zaune.

Daga nan sai a bi ta hannun shugabanni. Mu a Jos muna da sauƙi, tunda hedikwatar ɗarikar ECWA da ta ɗarikar COCIN da ta TEKAN (tarayyar ikkilisiyoyin Kristi a Najeriya) duk suna nan cikin gari. Ikkilisiyar ECWA ta kai maganar ga LCC (ƙaramar majalisar ikkilisiya) sannan DCC (majalisar gunduma), ta COCIN kuma ta bi ta LCC da RCC (majalisar yanki), domin masu ba da tallafi sukan nemi wasiƙar amincewar ɗarika, kuma sau da yawa da sunan ɗarikar ne aka yi rajista a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Akwai kuma ƙungiyoyin da suka daɗe a wannan aiki, kamar CRUDAN da Tearfund, waɗanda shawararsu kaɗai tana iya gyara takarda.

Abin da ya fi kayar da masu nema shi ne cuɗanya aikin bishara da aikin raya al'umma a takarda ɗaya. Albashin mai bishara da kuɗin babur ɗinsa da kafa sabuwar majami'a, waɗannan na sashen mishan ne na ɗarika, kamar EMS a ECWA. Ƙungiyoyin agaji da yawa kuwa sun gindaya sharaɗin cewa kuɗinsu ya amfani kowa, Kirista da Musulmi, ba tare da an haɗa shi da kiran tuba ba. A karanta sharaɗin da kyau, idan bai dace da manufar ikkilisiya ba a haƙura, domin karɓar kuɗin rijiya a yi rufin majami'a da shi rashin gaskiya ne, kuma a ganina yana ɓata shaidarmu fiye da talauci.

Kasafin kuɗi ya fito dalla-dalla, da farashin da aka tambayo a kasuwar Terminus ko wajen masu haƙa rijiya, tare da rarar da za ta tare hauhawar farashi. A nuna gudummawar ikkilisiya, ko da baiko na musamman ne ko fili ko aikin gayya na matasa, a kuma bayyana wanda zai ci gaba da kula da aikin bayan tallafin ya ƙare.

Idan kuɗin ya shigo, kada ya taɓa shiga asusun fasto ko na wani dattijo. A ajiye shi a asusun ikkilisiya mai sa hannun mutum biyu ko uku, ma'aji ya adana kowane rasit, a karanta rahoto a gaban jama'a, sannan a aika wa masu tallafin nasu rahoton da hotuna kafin wa'adin da suka sa ya cika.