Ku fara Ibrananci da ranakun mako

Masu haɗa zaman hirar Ibrananci a makaranta, kada ku buɗe da haruffa 22. Mu nan jami'a a Gombe mun yi haka, mako biyu rabin mutane suka watse.

Ku fara da abin da ke bakinsu. Laraba ce arba, wato huɗu a Ibrananci. Alhamis ce hamesh, biyar. Lahadi ehad, ɗaya. Asabar Shabbat, ranar hutu. Hausa ta aro sunayen daga Larabci, shi kuwa ɗan'uwan Ibrananci ne, don haka kunne ya riga ya saba. Wanda ya yi Islamiyya ma sai ya riga kowa.

Amma fa akwai tarko. Lehem na Ibrananci burodi ne, lahm na Larabci nama. Medina a Ibrananci ƙasa ce, ba birni ba kamar a Larabci. Ku duba ƙamus kafin ku koyar.